Lauyoyina Suna Tafe

Da manhajar haɗa wasan kwamfuta na zana kasuwar Sabon Tasha, na sayar wa Maman Rifkatu hoton, ta rataye a gidan abincinta. Ina cikin hura hanci, ƙanena ya ce, "Yaya, ka karanta sharuɗɗan manhajar? Kamfanin ƙasar wajen da ya yi ta fa yana da kasonsa."

Duk mai kwat ya zama lauyansu a idona. Da tsakar rana, mutane na cin sakwara, na taka benci na sauke hoton na gudu.

Ashe babu ruwansu da hoto, wasan da ya kawo maƙudan daloli suke bi.

Har yau in jirgin sama ya wuce, Maman Rifkatu takan ce, "Ɗana, ɓuya, lauyoyinka sun iso."