Ranar da Tsugunno Ya Gagare Ni

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Shekaruna saba'in da ɗaya a lokacin, talatin da biyar daga ciki a gaban allo na yi su, kuma ban taɓa nuna wa ɗalibi abu a karkace ba. A makarantar mishan na tashi, inda ake auna tsayuwar yaro da rula, ake kuma ɗaukar zama a kujera alamar wayewa. Yaron da aka kama a tsugune a bakin aji, bulala uku ce rabonsa. Na sha ta, daga baya ni ma na shayar da wasu.

Sagiru, wani tsohon ɗalibina, shi ya buɗe gidan motsa jiki a Tofa, cikin wani tsohon sito na gyaɗa. Da safe samari ke ɗaga ƙarafa (rabinsu siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti), da yamma kuwa wurin ba kowa. Ma'aikaciyar asibitinmu, wadda ta gaji da manoma masu kukan ciwon baya bayan kaka, ta ba shi shawarar ya buɗe wa dattawa ajin miƙe jiki, irin wanda ake kira yoga. Ya same ni har zaure, ya ce dattawa ba za su bi umarnin sa'an 'ya'yansu ba, amma ni za su bi. A gwada sati uku, Litinin da Laraba bayan la'asar. In mutane suka tsaya, aji ya tabbata; in suka watse, ya mai da yammacin wurin sauke taki.

Na amsa. 'Yata ta aiko mini da littafi daga Kano, na zauna a teburina na zana kowace tsayuwa a takarda, na ba ta lamba, na ja layi a ƙarƙashi da jan biro. Na tsaye duk na gwada su a ɗaki. Na ƙasa kuwa na karanta su sau uku, na ga wannan ya wadatar, domin a saninmu malamin da ya rubuta darasinsa ya gama shiri.

Mutum goma sha ɗaya muka fara da su. Liman ya aiko a tambaya ko akwai bauta a ciki, na aika masa da cewa ba komai sai miƙa da numfashi, ya ce to a yi. Na zana layuka da alli, na rataya usur a wuya, na shiga gyaran mutane. Wannan kafaɗarsa ta karkace, wancan ya saki numfashi kafin in kai huɗu. Malam Idi, manomin da ya girme ni da shekara biyu, ya ce mini su baya suka zo gyarawa, ba fareti ba. Na amsa masa da cewa abin da ba a yi daidai ba, ba a yi shi ba. Kafin sati na uku sun koma bakwai. Sagiru ya soma roƙona in sassauta, cikin ladabi, yana sosa ƙeya. Na gaji, su ma sun gaji, kuma na san ranar ƙarshe ce za ta raba gardama.

Darasin ranar shi ne lamba tara, wanda littafin ya yaba ƙwarai wajen ciwon baya. Na buɗe takardata na soma karantawa: a ware ƙafafu, a sauka ƙasa, dugadugai a manne da daɓe, ƙirji a miƙe. Ban kai ƙarshen jimlar ba sai na ɗaga kai na ga duka bakwai ɗin sun riga sun sauka. Tsugunno ne kawai, wanda suke yi a gona, a wurin jana'iza, a gaban akushi, tun kafin su san sunayensu. Malam Idi har ya zaro goro daga aljihu yana ɓarawa.

Na zaga su ɗaya bayan ɗaya ina neman kuskure, ban samu ba. (Duk wanda ya taɓa riƙe jan biro ya san zafin wannan.) Maimakon in ce madalla, sai na ce sun sauka da gaggawa, ba bisa ƙidaya ba.

"Ku tashi ku ga yadda ake yi," in ji ni.

Na sa usur a baki, na ware ƙafafu. A ɗaya lafiya. A biyu gwiwoyina suka yi ƙara kamar ana karya kara. A uku dugadugaina suka rabu da ƙasa ba da izinina ba. Huɗu kuwa ban ƙirga ta ba, domin na tafi da baya, ƙafafu a sama, hula ta gangara ƙarƙashin benci, usur ɗin kuma ya busa kansa da ƙarfi, kamar ana tashin makaranta. Na yi yunƙurin miƙewa, bayana ya riƙe.

Da sun yi dariya da na fi samun sauƙi. Ba wanda ya yi. Suka kewaye ni, kowa ya tsuguna cikin natsuwa irin ta masu dubiya, suna yi mini sannu ɗaya bayan ɗaya. Sagiru yana bakin ƙofa yana nazarin rufin kwano.

"Hedimasta," in ji Malam Idi, "yaushe rabonka da tsugunno?"

Na ce tun ina aji biyu. Ko alwala a kan 'yar kujera nake yi.

"Ashe duk cikinmu kai ne majinyacin," ya ce, ya miƙo mini rabin goronsa.

Da bayan ya sake ni, Malam Idi ne ya kai ni jikin ginshiƙi, ya ninka buhu ya sa mini a ƙarƙashin dugadugai, ya ce in riƙe ginshiƙin in sauka a hankali, in bar ƙidaya. Na sauka, ina haki, dattawa bakwai suna gyara mini kafaɗa. Uwargida da ta ji labari (kafin in isa gida ya isa) sai ta ɗora ruwan gashi.

Ranar Litinin na je ne kawai in yi wa Sagiru ban haƙuri. Na tarar da mutum goma sha tara. Na san abin da ya kawo su, sun zo ganin Hedimasta ya faɗi, kuma ban ba su kunya ba. Amma sun ci gaba da zuwa, takin ma wani wuri aka nema masa.

Yanzu na ajiye usur. Duk abin da zan koyar, sai na fara gwada shi a bayan ɗaki, riƙe da turmi, inda kaji kaɗai ke gani. Na kuma koya, a makare, cewa kafin ka gyara wa mutum abu, ka tambaya ko ya riga ka iyawa. Lamba tara Malam Idi ke koyar da ita. Har yau da sauran yatsa biyu tsakanin dugadugaina da ƙasa, kuma duk Laraba sai ya auna, da rulata.