Ranar da Risho Ya Cinye Min Gira

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Jiwa, ina da 'ya'ya biyar da baki kamar reza.

Wata rana Malama Asabe ta zo mana da risho. Ta ce wadda ta iya kunna shi, ita za ta dafa wa mai duba makarantu shayi in ya zo. Ta nuna mana: a zuba ɗan kananzir a ƙaramin kaskon da ke ƙarƙashin kan, a kunna, a jira, sannan a buga famfo. "Ɗigon kananzir in ya taɓa ƙarfe mai zafi, tururi yake zama," in ji ta. "Tururin ne ke ba da shuɗiyar wuta. In ƙarfen bai yi zafi ba, ɗanye zai fito."

Ni ina na ji? Idona na kan Ladi, maƙwabciyata mai sayar da doya, wadda ta riga ni iya rubuta sunanta (da mako ɗaya tak, a sani). Ladi ta tsuguna, ta yi haƙuri, ta buga famfo sau uku, risho ya kama gurnani. Malama ta ce a tafa mata. Na tafa, amma hannuna nake mari.

Ranar da baƙon ya zo, na ture Ladi gefe. "Malama, shekara ashirin ina hura wuta, wannan gwangwanin ne zai gagare ni?"

Ladi ta ce, "Yaya, ki bari kansa ya yi zafi tukuna."

"Ke, je ki koya wa doyarki!"

Ina ƙyasta ashana na hau famfo kamar mai dakan gero, har da leƙawa in ga shuɗin. Kananzir ya yi tsartuwa ɗanye, jar wuta ta tashi bal! Na faɗi zaune, fuska baƙa ƙirin, gira ta tafi, gefen ɗankwali na hayaƙi. Ladi ce ta sassauta makunnin iska, wutar ta kwanta.

Baƙon ya dube ni ya ce, "Sannu, Iya. Wannan wane darasi ne?"

Ladi ta dafa shayin. Abin da ya fi ƙunar zafi, ita ta shafa min man shanu a goshi, tana ta yi min sannu (da ta yi dariya, da na san abin da zan faɗa mata).

Daga ranar na gane: in zuciya ta riga ƙarfe zafi, a ba wata ashanar. Amma shayin nan nata, har gobe ina nan a kan bakata, sukari ya yi masa yawa.