Hawayen Boni Sun Samu Aiki

Jama'a, yau da hantsi na raka maƙwabcina Boni mai doya asibiti, na dawo gida ni kaɗai. Ku kwantar da hankalinku, bai mutu ba. Ɗaukaka ce ta faɗo masa.

Shekara biyu ke nan idonsa na hagu yana zubar da hawaye babu hutu, gefen hancin ya kumbura har yana tara ruwa. Kun kuwa san halinmu mu Bargawa: a sare ka da gatari, ka murmusa ka tambayi lafiyar mai gatarin. Namiji ya yi kuka a bainar jama'a? Gara a ce akuya ya sata. Tuni an daina kiran Boni sasanci a unguwa, wai ba a son alƙalin da ke kuka tun ba a kawo ƙara ba. Jebbo ma, Bafulatanar da ke kawo mana cuku, ta samu abin yi. In za ta wuce sai ta leƙo rumfarsa ta ce, "Jarumi, wa ya taɓa ka? Faɗa mini in rama maka."

Likita Bana ta yi masa bayani tun bara, ina zaune ina ji. 'Yar hanyar da ke kai hawaye daga ido zuwa hanci ce ta toshe. Za ta zura siririn bututu mai fitila ta hanci, tana kallo a allo, ta buɗe sabuwar hanya, ko ƙwarzane ba za a gani a fuska ba.

Boni ya kare hancinsa da hannu ya ce, "Likita, ido ke ciwo, me hanci ya yi miki?"

Ta ce, "Baba, ba ku kuka ce abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa ba? Ta gidan ƙane za mu bi mu gaida wa."

To, na'urar ta iso tuntuni. Tana cikin kwali, kwalin yana cikin ɗaki, ɗakin yana kulle, domin Mai Girma Uban Alkawura, Hadarin Da Ba Ya Jiƙa Kowa, bai samu sukunin yanka ƙyalle ba. Kada ku zarge shi. Mai garuruwa da yawa ba ya gaggawa.

Yau dai ya iso daga birnin Kwatano da jerin motoci. Boni ya kama kujerar gaba don ya zama na farko a gadon tiyata. Rana ta doki idon, hawaye ya ɓalle shar-shar. Mai Girma ya dakata da jawabi, ya tuɓe tabarau.

"Shekara ashirin ina magana, sai yau aka fahimce ni! Dattijo, me ya sa ka kuka?"

"Ranka ya daɗe, toshewa ce."

"Kun ji? Murna ta toshe masa maƙogwaro!"

Aka tafa, aka yanka ƙyalle, aka ɗau hoto. Sai muka ga ƙarti sun ciccibi kwalin sun mayar da shi mota. Ashe garuruwa bakwai na jiran a ƙaddamar musu da ita wannan na'urar. Mai riƙe wa Mai Girma jaka ya matso ya ce an umarci Boni ya bi tawaga, kujerar gaba tasa ce a kowane gari. Ya ɗan sunkuya ya ƙara da cewa, "Baba, ɗaya idon fa, ba ya yi ne? To ba komai, masu hoto za su tsaya ta hagu."

Na ja Boni gefe na ce, "Ɗan'uwa, a gari ɗaya kana ɓoye fuska, yanzu bakwai za ka yi wa kuka?"

Ya share kunci ya ce, "Wanda ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Inda kwalin nan ya kwana, nan zan kwana. Wata rana wani zai yi kuskure ya buɗe shi. Ka ce wa matata Bake ta kula da doya."

Likita Bana ta suri jakarta ta biyo su da sauri. Aka ba ta haƙuri, wai mota ta cika, kujerar da ta rage ta almakashin yanka ƙyalle ce.

Ni dai ban ga laifinsu ba. A duk kayan tiyatar nan, almakashin ne kaɗai na taɓa gani yana aiki.