Makullin da Na Zaɓa Ranar Jajibirin Sunan Ɗan Ilu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Ilu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Manshiya ba za su bar ni ba.

Gidan haya muke zaune a unguwar Manshiya, cikin garin Sabha na ƙasar Libiya, mu 'yan Nijar, masu iyali daga ciki, mu gwauraye a ɗakunan bakin ƙofa. Ƙofar gidan ta ƙarfe ce babba, ta shigar mota, da wata 'yar ƙarama a jikinta ta mutane. Tunda babu mai ajiye mota a gidan, babbar ta daɗe ba a buɗe ta ba, har mata na shanya a jikinta. Ƙaramar kuwa kowa ya fita sai ya bar ta hangame.

Abokina Ilu ya daɗe yana roƙon Allah haihuwa. Da cikin matarsa ya tsufa ya je garin Ghudduwa ya sayo rago ya ɗaure a tsakar gida. Rannan ragon ya tsinke igiya ya fice, sai bayan garejin makanikai aka tsinto shi yana cin kwali. Ilu har ƙwalla ya yi. Nan aka yanke shawarar a sa wa ƙaramar ƙofa ƙarfen nan mai jawo ta ta rufe kanta, a haɗa mata da makulli na kirki. Kafin a tambayi wanda zai zaɓo na ɗaga hannu, na ce ai ni na yi aiki da mai walda. (Gaskiyar magana, ƙarfe nake riƙe masa ina kau da kai daga wuta.)

Mai shagon makullan da na je wani dattijo ne ɗan Libiya mai Hausar kasuwa. Ya nuna mini wani makulli marar kyan gani, ya ce ba ya tsoron rairayi ko rana, daga waje a sa ɗan makulli, daga ciki a danna hannu kawai. Na yatsina fuska. Na ce ɓarawo zai zuro waya ya danna hannun. Idona ya faɗa kan wani mai ƙyalli wanda da ƙofa ta rufe ya kulle, kuma ciki da waje duk sai da ɗan makulli. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ya sadiki, abokina, wannan kulle ɓarawo, kulle mai gida." Na yi dariya, na ɗauka wasa yake, na sayi mai ƙyallin.

Ranar jajibirin suna aka ɗaura shi. 'Ya'yan makullin duka na haɗa da na ɗakina a zobe ɗaya, na ce sai bayan suna zan raba, in yi wa kowa bayani. Wato har darasi na shirya ba su.

Da safe maza suka zauna a waje kan tabarmi kamar yadda aka saba, mata na ciki. Na tuɓe wandon aiki na rataye, na sa sabuwar shaddata, na danna kwaɗon ɗakina na fito. Sai na ga an tare ƙofar da dutse saboda masu shige da fice. Raina ya ɓaci, na ga an wulaƙanta aikina. A gaban liman da jama'a na ce su duba su gani, na ture dutsen da ƙafa. Ƙofar ta tafi a hankali ta ce ƙaras. Har wani ya ce ma sha Allah, kaina ya ƙara girma.

Sai Ilu ya ce in buɗe a fito da dabino da rago. Na sa hannu a aljihu, na ji wayam. Makullan suna cikin wandon aiki, wandon yana ɗakina, ɗakin a kulle, ni kuma ina waje.

Abin ba na dariya ba ne a lokacin. Yawancin baƙin leburori ne da za su je bakin titi kafin motocin ɗaukar ma'aikata su wuce, liman ma ana jiransa wani wuri. Na ga wasu sun fara gyara takalma. Na dubi fuskar Ilu, mutumin da ya yi shekaru yana jiran wannan safiya, tausayinsa ya kama ni. Ban yi shawara da kowa ba na tattare riga na kama ƙofa na hau.

Hawan ya yi kyau. A sama ne tsinin ƙarfen ya kama wandona, ya ratsa har cikin riga. Na yi gaba na ji kyaaat, na yi baya na ji wani. Na tsaya a maƙale, mata na kallon gabana, maza na kallon abin da ya rage.

Inna Hajo, surukar Ilu da ta zo jego daga Agadas, ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, riƙe da kyau." Ta kwashe shanya, ta zare sakatar babbar ƙofa ta tura. Dukanmu mun manta cewa ita ma ƙofa ce. Ta buɗe tana kuka da tsatsa, ni ina bisa, ta kai ni har gaban liman ta tsaya. Malam ya ɗaga ido ya ce, "Sannu da hawa." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ilu ne ya sauko da ni. Ya cire rawaninsa ya ɗaura mini a ƙugu, ya raɗa mini cewa in kwantar da hankalina, ai rago bai gudu ba. Babu wanda ya tashi, dariya ma ta riƙe su. Aka raɗa wa yaro suna Abdurrahman, aka yanka rago, na ci nama a tsaye bayana jingine da bango.

Washegari na koma shago. Dattijon ya miƙo mini mai hannun nan marar kyan gani, shi ne a ƙofar har yau. Yaron yanzu yana tafiya, kuma Baba Makulli yake ce mini, don haka ya ji kowa na faɗa.

Tun daga ranar, in aka nuna mini makulli ba na fara tambayar yadda zai hana ɓarawo shiga. Yadda zai bar mai gida ya shiga nake tambaya, sannan in shafa aljihuna.