Rasuwar Kyamarar Kwamfutata

Da zuciya mai ɗaci, da haushin da har yanzu bai sake ni ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar kyamarar kwamfutata, wadda ta cika ranar Talata ana tsakiyar taron ofis ta bidiyo.

Marigayiyar ta yi rayuwarta maƙale a goshin kwamfuta, kan teburin da ke lungun ɗakinmu. Ni ba mai yawan magana ba ne, ita ce bakina. In na gyaɗa kai ta isar, in na haɗe gira Manaja ya gane ban gamsu ba. Ba ta taɓa tona tulin wankin da ke bayana ba.

Ciwonta ya soma ne da aka ɗora mana sabuwar manhaja, wai mai wayo, tana karanta fuska da motsin hannu. Tun daga nan baiwar Allah ba ta ƙara lafiya ba. In na sosa ƙeya, sai allo ya nuna ina tafi. Ta riƙa ɗaukar zafi, tana ƙit-ƙit kamar mai shaƙuwa.

Ranar ajali, Manaja ya tambayi wa zai koma sabon reshenmu, can inda mota ke kwana a hanya. Ba wanda ya ɗaga hannu. Sai ƙuda ya sauka mini a hanci, na kai masa duka. Nan take manhaja ta ɗaga mini hannu a allo, kyamara kuma ta daskare da ni baki buɗe kamar mai murna. Na yi ta girgiza kai, ina! Ta yi ƙit na ƙarshe, ta yi duhu.

"Madalla," in ji Manaja. "Kun ga fuskar mai kishin aiki."

Na yi ta ihu, ashe makirufo a kashe yake. Kafin in lalubo maɓallin an tashi taro. Da na kira Manaja, cewa ya yi sunana ya riga ya wuce sama.

Ta rasu ta bar makirufo, wanda ya yi gum ranar da ake neman bakinsa, da linzamin kwamfuta, da ni, da kuma maiɗakina, wadda tun Talata maganarta ɗaya ce: "Baban yara, ƙudan ne ya fi ƙarfinka, ko mu ka gaji da gani?"

Za a binne ta gobe a aljihun tebur, kusa da tsofaffin cajoji. Ba a gayyaci manhaja ba. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da safe a tashar mota. Mai zuwa ya zo da igiya, akwai katifar ɗaurewa.