Yadda Rufin Makarantarmu Ya Koma Kudan

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban iyayen yara, cikin babbar rigar aro, na sanar da su da bakina asarar da na jawo musu ba.

Ni ne hedimastan firamaren ƙauyenmu, can gefen Makarfi. Tun ina ƙaramin malami wani coci a ƙasar Turai ya ƙulla zumunci da makarantar. Su suka haƙa mana rijiya, su ke aiko da littattafai, kuma ba ruwansu da addinin yaro; ɗan liman da ɗan fasto benci ɗaya suke zama. Sai dai ba su taɓa zuwa ba. Da iskar damina ta yaye rufin aji biyar da na shida, muna cikin shawarar yadda za mu roƙe su, sai ga saƙo wai za su turo mutum biyu su ga makarantar da idonsu.

Nan fa kaina ya kumbura. Baƙi tun daga Turai su zo su same mu a wulaƙance? Wallahi ba a zamanina ba! A garinmu ko baƙon Zariya ka yi, sai ka aro faranti a maƙwabta. Na aro kujerun roba, na aro janareto wajen mai cajin waya, na je Ikara na kwaso kwamfutoci a shagon ƙanen matata (rabinsu sun mutu, amma wa zai kunna?). Azuzuwan da ba rufi kuwa, na sa aka kafa rumfunan biki a gabansu, aka zagaye da labule, ko ƙofa ba a hangowa.

Malama Saratu, mataimakiyata, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, mutanen nan fa rashinmu suka zo gani."

Na ce, "Malama, ke ba ki san darajar baƙo ba."

Ta dube ni, ta dubi rumfunan, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Baƙin suka iso, wata dattijuwa mai furfura da wani dogo mai kamara. Mai unguwa ya ba da rago, mata suka yi waina, aka kawo fura da nono daga ruga. Muna cikin zagayawa dattijuwar ta tambaye ni ko akwai abin da ke damunmu. Na gyara riga na ce komai lafiya lau, sai godiya. (To me zan ce? Na ɗauka za ta sake tambaya, ta matsa, kamar yadda ake yi, sannan in sunkuyar da kai in ce sai dai ɗan abin da ba a rasa ba.) Ba ta sake ba. Ta gyaɗa kai kawai, muka wuce.

Aka zo jawabi, ni ne tafinta, lasifika a hannuna. Ta ce ba ta taɓa ganin ci gaba irin namu ba. Na fassara har da ƙari, aka yi tafi. Ta ce burinsu dama su ga mun tsaya da ƙafarmu. Na fassara, mata suka rangaɗa guɗa. Sai ta share ƙwalla ta ce tunda mun wadata, daga bana taimakon zai koma wata makaranta a Kudan, wadda suka gani jiya, ko rufi ba ta da shi.

Na sauke lasifika. Kowa a filin yana jiran fassarata.

Mai unguwa ya ce, "Malam, me ta ce?"

"Ranka ya daɗe, ta ce... tana gaishe da kowa."

"Duk doguwar maganar nan?"

Na waiwaya, na ga 'yan aji shida sun zuba mini ido. Sun ji Turancin tsaf, littattafan cocin nan sun yi aiki. Dole na faɗi gaskiya, cikin lasifika, janareton aro yana kai muryata har bakin rafi. Liman ya yi salati. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Har da ragona, Malam?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi tunanin yaye labulen in nuna musu, amma kunya ta riƙe mini hannu. Dattijuwar ma a lokacin rungume ni take ƙoƙarin yi don murna. Daga baya Malama Saratu ta tura wa mutanen cocin hotunan azuzuwan, suka amsa cikin ladabi cewa an riga an yanke shawara, sai dai mu yi haƙuri zuwa gaba.

Har yau in hadari ya haɗu sai mu sallami aji biyar da shida, kuma abin yana ci mini rai. Hedimastan Kudan ɗin kuwa, duk inda muka haɗu a kasuwar Makarfi sai ya riƙe hannuna bibbiyu ya yi mini godiya. Shi ruwan randa kawai ya ba baƙin.

Na dai koyi darasi: wanda ya zo taimakonka ba surukinka ba ne, nuna masa inda ke yoyo. Yanzu ko mai rake ne ya ce mini "Ya aiki?", sai na zaunar da shi na fara masa bayani tun daga rufi.