Rasuwar Hajiya Baƙa, Mai Ƙirgen Romawa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Malam Nababa mai goro na bakin tashar Bukkuyum yake sanar da dangi da abokan arziki na Anka da Gummi rasuwar Hajiya Baƙa, kwamfutar 'yarsa Ramlatu, wadda ta cika ranar Talata bayan azahar a gindin randa. Yana roƙon duk gidan da ke da kwamfuta, kuma yake da uba mai yawan fargaba, a karanta har ƙarshe, domin abin da ya kashe ta yana nan a kowane tsakar gida.

Marigayiya ta shigo gidan nan a madadin tunkiyar Inna Sahura, matar Malam Nababa. 'Yar gwanjo ce, ta riga ta ga duniya, kuma an sa mata Hajiya ne saboda ita kaɗai ce a gidan ta taɓa shiga jirgin sama. Ta zo da tabo a goshi da maɓalli ɗaya da ya ɓalle, amma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. In an tashe ta takan ce “tiriri” a hankali, kamar mai gaida surukai. In aiki ya yi nauyi sai fankarta ta riƙa “huuu”, ita kuwa Ramlatu tana ta ƙas-ƙas a kanta har tuwo ya huce.

Aikin da ta mutu a kansa shi ne na ƙarshe da malamin su Ramlatu ya ba su a kwaleji: manhajar da za a rubuta mata lamba irin tamu, ta mayar da ita ƙirgen Romawa, masu ƙirga da haruffa. Malam Nababa, da bokonsa ya tsaya a firamare, ya shaida wahalar da su biyun suka sha. Da farko in an ba ta huɗu sai ta jera sanduna huɗu, IIII, alhali IV ake so. Da aka gyara huɗu, tara ta ƙi. Da tara ta yarda, arba'in ta tayar da nata rikicin. Ranar da komai ya daidaita, Ramlatu ta kira shi zaure ta rubuta shekarunsa, arba'in da tara, sai ga XLIX. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a gwada sifili. Hajiya ta amsa cewa Romawa ba su da shi.

“Mutanen da ba su san babu ba,” in ji shi, “ba su taɓa zama kasuwa da damina ba.”

Ramlatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Yana so a san cewa ya taɓa sa ta dariya a kan wannan aiki.

Ciwon ajali gajere ne. Ramlatu ta tafi suna Gummi, ta bar Hajiya a jone da batirin sola a ɗaki, ga zafin bazara, kwanon rufi kamar tanda. Malam Nababa ya dawo cin abinci ya ji nishi daga ɗakin. Ya shiga ya ɗora mata bayan hannu, yadda yake yi wa goshin yara, ya ji zafi rau. Tun shekarar da gubar dalma ta ɗauki yara a Dareta, bai ƙara jin zafin jiki a gidansa ya zauna ba. Abu ɗaya kuma ya iya a duniya fiye da kowa: hana goro mutuwa a lokacin zafi. Ya ɗauko buhun algarara, ya tsoma a ruwa, ya matse. Yana rantsuwa ya matse. Ya naɗe Hajiya tsaf, ya kai ta gindin randa ya kwantar a kan yashi mai sanyi.

Inna Sahura tana daka ta hango shi. “Malam, wagga hwa ba goro ta ba.”

Ya ce mata tun ba ta zo gidan ba yake jiƙa buhu, bai taɓa asarar ƙwaryar goro ɗaya ba. Ta ci gaba da dakanta.

Da a nan aka tsaya, wataƙila da yanzu wani labari ake yi. Amma mai goro ba ya barin buhu ya bushe. Da ya idar da azahar ya taɓa ya ji ya fara ƙamewa, sai ya ɗebo ruwa a moɗa ya yayyafa da yatsu, kamar yadda hannunsa ya saba, bai ma yi shawara da kansa ba. Nishin ya tsaya, shi kuwa har ya yi hamdala. Sai ya ji “tsss”, ya ji ƙaurin roba. Wannan ne kalaminta na ƙarshe.

An yi iya ƙoƙari. Maƙwabta sun ce a binne ta cikin shinkafa ta tsotse ruwan, babu shinkafa, aka sa ta a buhun gero. Ba ta farfaɗo ba.

Da Ramlatu ta dawo, Malam Nababa ya shirya wa kuka, ya shirya wa faɗa ma, ko da bai dace 'ya ta yi wa uba ba. Ta tono Hajiya daga gero, ta hure mata ƙaiƙayi, ta danna maɓalli, ta jira. Sannan ta ɗauki buhun algarara daga ƙasa, ta ninke shi, ta durƙusa ta miƙa masa.

“Baba, ga buhunka, kada goro shi bushe.”

Tun ranar bai iya cin goro ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka mai ɓallen zif, da batirin sola wanda ba shi da laifin komai. Ba ta bar magaji ba. Ramlatu ta sha roƙon a sayo mata filashi ta kwafe aikin a ciki, Malam Nababa yana cewa sai kasuwa ta ci. Kasuwa ta ci, ta sake ci. Saboda haka manhajar tana cikin Hajiya ita kaɗai, kuma ranar Litinin ake son Ramlatu ta tsaya gaban malamai ta nuna tana aiki. Wanda bai nuna ba sai baɗi.

Liman ya ce ba a yi wa irinta salla, amma ba laifi a yi wa mai ita addu'a. Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a kan kabu-kabu zuwa Gummi, shagon Mukhtar mai gyara, wanda zai buɗe ta ya ciro abin da take ajiye aiki a ciki. Malam Nababa ne zai riƙe ta a cinya, cikin busasshen zani. Ana karɓar gaisuwa a zaure bayan la'asar. Masu zuwa kada su kawo ruwa, kada kuma su tambayi Inna Sahura yadda aka yi, domin tana faɗa.

Mukhtar ya faɗa ta waya cewa wani lokaci aikin yakan tsira ko da kwamfuta ta mutu, wani lokaci kuma a tarar da babu. Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba a san wanne za a tarar ba. Ba a kuma san ko Ramlatu za ta bi su Gummi ba. Malam Nababa ya tambaye ta, ta ce duk yadda ya gani.